Yadda Zuhudun Mata Ya Farfaɗo a Addinin Buda

A addinin Buda akwai masu barin gida da dukiya su shiga zuhudu. Namiji ana ce masa biku, mace kuwa bikuni. Littattafan addinin sun nuna cewa Mahafajafati, wadda ta reni Buda, ita ce bikuni ta farko. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Sangamita, 'yar Sarki Asoka na Indiya, ta kai wannan tsari tsibirin Siri Lanka. Daga can ne waɗansu bikuni suka kai shi ƙasar Sin a ƙarni na 5.

Wajen ƙarni na 11, lokacin yaƙe-yaƙe, tsarin ya mutu a Siri Lanka. Ƙa'ida kuwa ita ce, ba a naɗa mace bikuni sai da bikuni da biku a wurin. Tun da babu sauran bikuni, sai malaman mazhabar Terabada suka ce ƙofa ta rufe. A Tailan ma, shugaban malaman ƙasar ya hana naɗa mata a 1928. Matan da ke son zuhudu sai suka zama meci: suna aske kai, su sa fararen tufafi, su kiyaye dokoki 8. Galibi su ke girki da shara a gidajen ibada, amma ba su da darajar biku.

Masu neman gyara suka kawo hujja cewa silsilar da aka kai Sin ba ta yanke ba, don haka ana iya dawo da ita. A 1996 aka naɗa mata 10 'yan Siri Lanka a Sarnat ta Indiya, da taimakon malaman Koriya. A 1998 aka sake yin wani naɗi a Bodagaya. A 2003 wata tsohuwar malamar jami'a 'yar Tailan, Catsuman Kabilsin, ta je Siri Lanka aka naɗa ta, ta koma gida da suna Damananda.

Naɗin ya ɗora wa matan nauyi, domin bikuni tana kiyaye dokoki 311, biku kuwa 227. Amma ya ba su damar koyarwa da jagorantar ibada da riƙe gidajen zuhudu nasu. Majalisar malaman Tailan dai ba ta amince da su ba, shi ya sa matan ƙasar da yawa suka ƙetare teku zuwa Siri Lanka neman naɗi.