Cin Burodi Ga Mai Neman Rage Ƙiba

Da yawa daga cikin waɗanda likita ya shawarta su rage ƙiba, abin da suke fara tambaya shi ne ko dole ne su daina cin burodi. Amsar ita ce ba dole ba ne. Za ka iya rage nauyinka kana cin burodi, matuƙar ka kula da abu uku: yawan wanda kake ci, abin da kake haɗa shi da shi, da kuma gurbin da ya cike a cikin abincinka na yini.

Yadda jiki ke rage nauyi

Duk abin da ka ci yana ba jiki makamashi, wanda ake aunawa da kalori. Idan abin da ya shiga ya fi wanda jiki ya ƙona, rarar ta zama kitse. Idan kuma ya gaza, jiki zai koma kan kitsen da ya tara ya riƙa ƙona shi. A ƙiyasi, mace baliga tana buƙatar kalori 2,000 a rana, namiji kuma 2,500, kodayake wannan yana bambanta gwargwadon shekaru da girman jiki da irin aikin da mutum yake yi. Wanda ya rage kalori 500 a kullum yakan sauke kusan rabin kilo a mako, musamman a watannin farko.

Saboda haka babu wani abinci guda da shi kaɗai yake sa ƙiba. Jimillar abin da ka ci a yini ita ce abin dubawa.

Abin da ke cikin burodi

Farin burodi ana yin sa ne da fulawa, wato garin alkama da aka cire wa dusa da ƙwayar tsiro. A kowane giram 100 akwai kalori wajen 265, kusan rabin nauyin kuma sitaci ne, sai furotin kamar giram 9 da mai ɗan kaɗan. Yanka ɗaya na burodin da ake sayarwa a yayyanke yakan kai giram 30 zuwa 40, wato kalori 80 zuwa 100. Burodin gidajen gashi na unguwa, mai laushi da zaƙi, yakan fi haka, domin ana zuba masa suga da bota ko mai tun a wajen kwaɓi.

Abu biyu ne suke sa farin burodi ya zama matsala ga mai ƙiba. Na farko, harzarsa kaɗan ce. Harza ita ce ɓangaren abincin tsiro da hanji ba ya narkarwa, irin wadda ake samu a dusa da wake da ganye, kuma tana taimakawa wajen riƙe ciki. Da yake babu ita sosai, burodi yana narkewa da wuri, sugan jini ya hau da sauri, ba da jimawa ba kuma yunwa ta dawo. Na biyu, laushinsa. Burodi ba ya buƙatar tauna mai yawa, balle idan an tsoma shi a shayi, don haka mutum yakan cinye rabin babba kafin ciki ya sanar da shi cewa ya ƙoshi.

Akwai kuma gishiri. Giram 100 na burodi yakan ƙunshi gishiri wajen giram 1, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a rana. Mai hawan jini ya lura da wannan.

Lissafin karin kumallo

Ɗauki misalin karin da aka saba yi a teburin mai shayi ko a gida. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, amma sun isa su nuna maka inda kalori yake taruwa:

- Burodi giram 200: kalori 530
- Bota cokali biyu na cin abinci: kalori 200
- Wainar ƙwai biyu da aka soya da mai cokali ɗaya: kalori 270
- Shayi mai kauri da suga ƙaramin cokali huɗu da madara da garin koko: kalori 200

Jimilla kalori 1,200 ke nan a zama ɗaya, fiye da rabin abin da mace take buƙata a yini guda. Ka lura cewa abin da aka haɗa burodin da shi ya fi burodin kansa yawan kalori.

Ga kuma wani karin, shi ma da burodi:

- Burodi yanka biyu, giram 70: kalori 185
- Dafaffen ƙwai biyu: kalori 150
- Tumatir da albasa da kokwamba: kalori 25
- Shayi da madara kaɗan da suga ƙaramin cokali ɗaya: kalori 55

Wannan bai wuce kalori 415 ba. Bambancin da ke tsakanin biyun ya kusa kalori 800, ba tare da ka rabu da burodi ba.

Nawa ya kamata ka ci?

Ga mafi yawan masu neman rage ƙiba, yanka biyu a zama ɗaya ya wadatar, kuma sau ɗaya a rana. Idan burodinka ba yankakke ba ne, yanka mai faɗin tafin hannunka da kaurin yatsa ɗaya shi ne mizani. In kana da hali, ka ɗora burodin da ka saba saya a kan sikeli ko da sau ɗaya ne, domin ka san ainihin nauyinsa. Mutane da yawa suna mamakin abin da suke gani.

Yanki rabonka ka ɗora a faranti, ka ƙulle ledar ka ajiye ta nesa kafin ka fara ci. Wanda ya zauna da burodi guda a gabansa yana gutsura, da wuya ya san inda zai tsaya.

Ƙa'ida mafi muhimmanci ita ce burodi ya maye gurbin wani abinci mai sitaci, kada ya zama ƙari a kansa. Burodi da shinkafa da tuwo da doya da dankali da taliya duk dangi ɗaya ne ta wannan fuska. Idan za ka ci burodi da safe, bar koko ko kunu zuwa wata safiyar. Haɗa burodi da Indomie, ko burodi da soyayyar doya, cin sitaci biyu ne a lokaci guda. Haka ma shayi da burodi da dare bayan an riga an ci tuwo, abinci na huɗu ne da jiki bai nema ba.

Abin da ya dace ka haɗa da shi

Furotin da harza suna jinkirta narkewar abinci, suna kuma sa a daɗe ba a ji yunwa ba. Don haka kada ka ci burodi gaya ko da shayi kawai. Haɗa shi da ɗaya daga cikin waɗannan:

- Dafaffen ƙwai, ko wanda aka soya da ɗigon mai
- Dafaffen wake ko faten wake marar mai da yawa
- Alale
- Kifi gasasshe, ko na gwangwani bayan ka tsiyaye mansa
- Tsokar kaza ko nama marar kitse
- Kindirmo ko nono marar suga
- Tumatir, kabeji, latas, karas, kokwamba ko kwaɗon zogale

Ƙosai yana da furotin, amma yana shan mai a wajen suya, don haka biyu ko uku sun isa. Tunkuzar gyaɗa da fiya suna da amfani ga jiki, sai dai kalorinsu yana da yawa, a shafa kaɗan.

Abubuwan da ya kamata ka rage su ne bota da mayonis da madara mai kauri mai zaƙi da lemon kwalba. Cokali ɗaya na bota ko mayonis daidai yake da ƙarin yanka ɗaya na burodi. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da kalori wajen 200, kuma sugan da ke cikinta ya kai giram 50, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna ga mai cin kalori 2,000 a yini gaba ɗaya. Idan shayi marar suga ya yi maka wuya, rage cokali ɗaya duk mako har harshenka ya saba.

Farin burodi ko na alkama?

Burodin da aka yi da garin alkama da ba a cire wa dusa ba ya fi fari amfani. Harzarsa ta ninka ta farin fiye da sau biyu, wajen giram 6 zuwa 7 a kowane giram 100, kuma baligi yana buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana. Yana kuma buƙatar tauna, ya fi riƙe ciki.

Amma ka sani, kalorinsa kusan ɗaya ne da na fari, wajen 250 a giram 100. Wanda ya koma burodin alkama ya ninka yawan da yake ci, ƙibarsa ƙaruwa za ta yi. Idan kuma an niƙa alkamar ta yi laushi sosai, tana ɗaga sugan jini kusan kamar fulawa. Wanda ake ganin ɓarzajjen hatsi a jikinsa ya fi.

Launi kaɗai ba hujja ba ne, domin wasu masu gashi suna rina farin burodi ya yi ruwan ƙasa. Duba jerin kayan haɗi a jikin leda: abin da aka fara rubutawa shi ne ya fi yawa a ciki. Duba kuma lambar rajistar NAFDAC. Idan ba ka samu na alkama ba ko ya yi maka tsada, zaɓi farin da bai cika zaƙi ba, ka kiyaye adadi.

Gurasa da alkubus da fanke da funkaso su ma daga alkama ko fulawa suke, ƙa'idarsu ɗaya da ta burodi. Gurasa gasa ta ake yi, alkubus kuma turarawa, don haka sun fi fanke da funkaso da ake soyawa sauƙin mai. Sai dai bandashen da aka kwarara wa man gyaɗa ya tashi daga wannan sahu.

Wasu kurakurai da aka saba yi

Gasa burodi ba ya rage kalori. Ruwan da ke ciki ne kawai yake fita.

Saukar kilo ɗaya ko biyu a makon farko bayan daina cin burodi da sauran sitaci, yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa, idan ajiyar ta ragu sai ruwan ya fita. Da an koma ci, nauyin zai dawo. Kitse a hankali yake narkewa.

Maye burodi da biskit ko cincin ko kek ko fanke ci baya ne, domin sun fi shi mai da suga.

Barin karin kumallo gaba ɗaya yakan sa wasu su rama da rana ko da dare. Idan kana cikinsu, gara ka karya da abu kaɗan mai riƙe ciki.

Waɗanda ya kamata su tuntuɓi likita tukuna

Idan kana da ciwon suga kuma kana allurar insulin ko kana shan magani irin su glibenclamide, kada ka rage burodi ko wani abinci mai sitaci farat ɗaya ba tare da sanin likitanka ba. Suganka na iya faɗuwa ƙasa sosai. Alamominsa sun haɗa da rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya da rikicewar tunani. Idan haka ta faru, sha abu mai zaƙi nan take, sannan ka sanar da likita domin a duba adadin maganin.

Mai juna biyu kada ta shiga shirin rage ƙiba, mai shayarwa kuma ta nemi shawara kafin ta fara. Yara da masu ciwon ƙoda su ma suna buƙatar tsarin abinci daga ƙwararre.

Idan kana yawan samun gudawa ko kumburin ciki ko ƙarancin jini, kuma ka lura abin yana tsananta bayan cin burodi ko taliya, je a duba ka. Akwai cutar hanji da sinadarin gulutin na cikin alkama yake tayarwa, kuma gwaji ne yake tabbatar da ita. Kada ka daina cin alkama kafin a yi gwajin, domin hakan yana iya ɓoye sakamakon. Haka nan wanda yake ramewa ba tare da ya rage abinci ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai daɗewa, ya garzaya asibiti.

Abin da za ka sa a gaba

Fara da gyara ɗaya ko biyu da za ka iya ɗorewa a kansu, kamar rage burodi zuwa yanka biyu da barin bota. Haɗa da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, misali tafiya da sauri ta minti 30 a kwana biyar. Hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a kan sikeli guda. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa ya kyautata hawan jini da sugan jini. Idan ka yi wata uku kana bin wannan tsari ba ka ga canji ba, rubuta duk abin da ka ci da abin da ka sha na tsawon mako ɗaya, ka kai wa likita ko masanin abinci ku duba tare.