Dokar da Ta Auna Tsayin Mota a Kaliforniya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari 'yan asalin Meziko da ke zaune a gabashin Los Anjelas sun ɓullo da wata al'ada da ta saɓa wa yayin zamaninsu. Sauran matasan Amurka na ƙara wa inji ƙarfi domin tsere, su kuwa burinsu mota ta yi ƙasa, ta tafi a sannu, kowa ya sha kallo. A ƙofar gida ake yin aikin. Mai ƙaramin ƙarfi ya loda buhunan yashi a but, wani ya datse sifirin, wani ya gasa shi da wuta har ya lotsa. Wannan ne asalin motocin da ake kira lowrider.

Sauke mota na da amfaninsa, domin nauyinta na kusantar ƙasa, ba ta karkata sosai a kwana. Sai dai masu ƙera ta sun bar wa kowace taya tazarar da za ta hau ta sauka, kuma wannan tazarar ce mai datse sifirin yake cinyewa. Idan motar ta faɗa rami, sifirin ya ƙure, taya ta yi tsalle ta rabu da kwalta na ɗan lokaci, tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta jin birki balle sitiyari. Saitin tayoyi ya ɓaci, su riƙa cinyewa ta gefe guda. Sandunan sitiyari su sauya kusurwa, har gargadar hanya ta riƙa karkatar da motar ba da nufin direba ba. Gashin sifirin ya fi muni: wuta na kashe ƙwarin ƙarfen, da wuya dama da hagu su zo daidai, kuma yana iya karyewa ana cikin tafiya.

A 1958 Kaliforniya ta kafa ƙa'idar da aka sani da sashe na 24008 na dokar ababen hawa. Ta haramta tuƙa motar da aka sauya ta yadda wani sashenta ya fi gindin wili kusa da ƙasa. Hujjar na da ma'ana: idan taya ta fashe, ya kamata mota ta sauka a kan wili, amma wadda aka sauke fiye da kima cikinta ne zai fara dukan kwalta, ta kuɓuce wa direba. Duk da haka dokar tsayi kawai ta auna. Ba ta tambayi lafiyar sifirin ko saitin taya ba, abin da ɗan sanda zai hango daga nesa ta kama. Shi ya sa mazauna waɗannan unguwanni suka ɗauke ta a matsayin dalilin tsare 'ya'yansu a hanya.

Amsa ta zo a 1959, lokacin da Ron Aguirre ya haɗa wa motarsa ƙirar Corvette famfunan haidirolik da aka ciro daga jiragen sama. Da taɓa makunni motar ta ɗaga ta cika sharaɗin doka, da an wuce ɗan sanda ta koma ƙasa. Dabarar ta shawo kan doka, amma ta zo da nata nauyin: famfuna da jerin batura a but, waɗanda ke sauya rabon nauyi tsakanin gaba da baya. Wasu ma kan cire shokazoba ta gaba. Abin da ya rage haɗarin shi ne ita kanta al'adar, wadda ba ta yarda da gudu ba.

Titin Whittier ya zama dandalin jerin gwanon waɗannan motoci, mujallar Lowrider ta fara fitowa a San Hose a 1977, daga baya kuma birane da dama suka hana zagayen motoci a titunansu.

A watan Oktoba na 2023 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan dokar AB 436, wadda ta soke sashe na 24008, ta kuma karɓe ikon hana zagaye daga hannun birane. Ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024. Sauran ƙa'idojin birki da taya na nan daram, haka ma sharaɗin cewa fitilun gaba kada su gaza inci 22 daga ƙasa.