Wa Ake Bari Ya Wuce Soro?

Duk wanda ya san gidajen cikin birnin Kano ya san iyakar baƙo namiji soro ne. A nan zai yi sallama, a aiko yaro ya ce maigidan ba ya nan, magana ta ƙare. Alhali mai ciki tana daga ciki, jariri yana daga ciki, randa da rijiya da masai duk suna daga ciki. Tun zuwan Turawa, duk hukumar da ta ce za ta kula da lafiyar talakan birni da wannan ƙofar take fara cin karo.

Akwai waɗanda ba a taɓa tsayar da su ba. Ungozoma tana shiga ko da tsakar dare, ta yanke cibi, ta yi wa jariri wanka, ta dinga leƙo mai jego har a yi suna. Wanzamin gida yana shiga ranar suna da zabirarsa, kuma galibi ubansa ne ya yi wa uban yaron aski. Ba duk aikinsu ne alheri ba. Cire belu da yankan gishiri sun jawo wa mata da jarirai wahala mai yawa, wasu har sun rasa rai. Amma an san gidansu, an san iyayensu, in abu ya ɓaci an san inda za a same su.

Turawa sun ci Kano a 1903, suka zauna a Nasarawa, can wajen ganuwa. Tsaftar da suka fara damuwa da ita ta kansu ce. Dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Bature da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya kwaso zazzaɓi daga jikin 'ya'yanmu ya kai musu. Sai a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau a 1926, aikin ya shigo birni sosai da kuɗin baitulmalin En'e: asibitin birni, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, da ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930, da Makarantar Tsafta inda ake horar da duba-gari.

Duba-gari yakan bi Kasuwar Kurmi da mayanka da bakin kududdufai, ya duba kwata, ya duba nama. In ya ga tsutsar sauro a randa, ko masai ya cika, ko shara a ƙofar gida, sai sammaci, sai gaban alƙali, sai tara. Kakata takan ce da an ji labarin sun shigo unguwa, mata za su hau kifar da tukwane, a zubar da ruwan da aka sha wahalar ɗebowa, a share tsakar gida tas. Dattawa da yawa suna kewar wannan zamani, kuma in na ga yadda leda ta toshe magudanun ruwan Fagge da damina, nakan gane dalilinsu. Sai dai tsoro iyakarsa ya sa mutum ya ɗauki tsintsiya. Ba ya sa uwa ta fito ta ce ɗanta ya yi ƙuraje. Lokacin agana ɓoye marasa lafiya ake yi a ƙurya, yara kuma su tsere in an ce ga 'yan lamba nan. Babban gangamin da aka fara a 1967 ne ya kawo ƙarshen cutar a Najeriya a 1970, kuma da hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni aka yi shi, su ne masu tara jama'a a ƙofar fada.

Daga tsakiyar shekarun 1970 tunani ya sauya. Gwamnati ta buɗe makarantun koyon aikin lafiya a jihohi don samar da ma'aikatan da za su zauna cikin jama'a, taron lafiya na Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa wannan hanya, sannan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora nauyin lafiya matakin farko a kan ƙananan hukumomi, ya fara da guda 52 a matsayin zakaran gwajin dafi. A lokacin ne uwaye suka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, kuma Allah kaɗai ya san yawan rayukan da wannan ya ceta. A tsarin, malamin asibiti zai riƙa fita yana bin gidaje. A zahiri sai layin marasa lafiya ya ɗaure shi a asibitin sha-ka-tafi, shi ne likita, shi ne mai ba da magani, wani lokaci shi ne mai karɓar haihuwa. Garin kuma ya yi ta faɗaɗa, Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Rimin Kebe, Ɗorayi, unguwannin awon igiya da aka yanka ba titi, ba lambatu, ba filin asibiti. Mai kemis na bakin lungu ya zama likitan unguwa.

A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Arewa. A Asibitin Zana na Kano kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon maganinsa, Trovan, da yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, har dai aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda bai san wannan labarin ba, ba zai fahimci 2003 ba, shekarar da jihar ta dakatar da ɗigon riga-kafin shan-inna saboda raɗe-raɗin yana hana haihuwa. Zargin ba gaskiya ba ne, amma tambayar da magidanta suke yi tana da nauyi: me ya sa maganin zazzaɓi sai da kuɗi, wannan kuwa ake biyo mu da shi har gida kyauta? An dawo da ɗigon a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, bayan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. A 2006 an ƙirga mutum 1,122 da ta kama a Najeriya.

Sarki Ado Bayero ya fito ya ɗiga wa yara da hannunsa, malamai sun yi huɗuba, duk sun taimaka. Amma a ganina abin da ya buɗe ƙofar shi ne matan da aka fara ɗauka a 2012 da tallafin UNICEF, kowace daga cikin unguwarta. Ba baƙuwa ba ce da ta sauko daga mota da akwatin ƙanƙara. Maƙwabciya ce, tare ake zuwa biki, tare ake zaman makoki. Tana da littafi, ta san mai ciki a kowane gida, takan ce, "Maman Abba, kin kuwa je awo watan nan?" Ranar suna tana nan, ta tabbatar an ɗiga wa jaririn. In maigida ya ƙi, ba ta kai shi ƙara, za ta dawo gobe, ko ta bi ta wajen mahaifiyarsa, ta ce, "Hajiya, ki sa baki." Alamun alli da muke gani a jikin katangu, da shuɗin da ake shafa wa yara a ƙaramin yatsa, sawun wannan zirga-zirga ne.

Masu aikin riga-kafi sun kuma biya da jininsu. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka buɗe wuta a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano, suka kashe ma'aikatan riga-kafi tara, galibinsu mata. Allah ya jiƙansu. Sauran suka sake ɗaukar akwatunansu suka koma lungu. Yaron ƙarshe da shan-innar asali ta kama a jihar Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, sannan a Agustan 2020 aka ayyana Afirka duka ta rabu da ita.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka riƙe matan nan. 'Yan sa-kai ake kiransu, ɗan alawus ake ba su, ba albashi, ba fansho, kuma kuɗin galibi daga masu ba da agaji na waje yake fitowa, don cuta guda ɗaya. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS don ta haɗa irin waɗannan ma'aikata a inuwa guda, amma ɗorewarsa tana hannun jihohi. A 2023 mashaƙo ta yaɗu, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, Ungogo na cikin inda ta fi ƙamari, kuma akasarin yaran ba su samu cikakkiyar allurar da ke kare su ba, allurar da ake yi kyauta a asibitin unguwa. Matar da ta san gidajen da waɗannan yara suke tana nan a unguwar da littafinta. Ya kamata gwamnatin Kano da ƙananan hukumomin birni su sa ta a takardar albashi, su ba ta horo kan awon ciki da tamowa da zazzaɓin cizon sauro, su kuma tanadi asibitin da za ta tura mutane a tarar da ma'aikaci da magani.