Daga Katin Suna Zuwa Salesforce da Slack: Yadda Sunan Kwastoma Ya Bar Aljihun Mai Talla

Tun kafin a san kwamfuta, masu kamfanoni a Amurka suna da wata damuwa da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya. Kaya nasu ne, jari nasu ne, amma kwastoma ba nasu ba ne. Wakilin da ke yawo gari-gari da jakar samfur shi ya san wane mai shago ne ke biya a kan kari, wane ne sai an yi ta sintiri, wane ne ya ce a dawo bayan damina. Ranar da wakilin nan ya yi fushi ya koma wani kamfani, duk wannan sani ya tafi da shi.

Mutumin da ya fara ɗaukar matsalar da gaske shi ne John H. Patterson, wanda a 1884 ya sayi wani ƙaramin kamfani a garin Dayton na jihar Ohio, ya sa masa suna National Cash Register. Abin da suke ƙerawa na'ura ce ta ajiye kuɗin ciniki, kuma kaya ne mai wuyar sayarwa: masu shaguna ba su ga amfaninta ba, yaran shago kuwa sun tsane ta domin tana toshe musu kafar ɗan hali. Patterson ya yanka wa kowane wakili yankinsa, ya ɗora masa adadin da zai sayar, ya ba shi ɗan littafi na kalaman talla ya haddace, daga baya ma ya buɗe makarantar koyar da su. Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne ya sa ana tattara sunayen masu shagunan da ake kyautata zaton za su saya, ana aika musu da takardun talla ta gidan waya tun kafin wakili ya iso. Sunan wanda bai riga ya sayi komai ba ya zama dukiyar da ake adanawa a ofis. Cikin waɗanda suka yi wa Patterson aiki har da Thomas Watson, wanda a 1914 ya karɓi ragamar kamfanin da ya zama IBM bayan shekara goma, ya kuma tafi can da wannan tarbiyya.

Shekaru da dama takarda ce ke ɗauke da aikin. A 1958 aka fara sayar da Rolodex, wani ɗan gargare da ake jera katunan suna a jikinsa ana juyawa da hannu, ya kuma zauna a teburin kusan kowane mai talla a Amurka. Sai dai na mutum ɗaya ne, yana barin aiki zai sa shi a kwali.

Ko da kwamfuta ta shigo ofisoshi, haka abin ya fara. A 1987 Pat Sullivan da Mike Muhney suka fitar da manhajar ACT! a jihar Texas. Su biyun masu talla ne, kuma don ire-irensu suka yi ta: ta riƙe maka suna da lamba, ta tuna maka ranar da ka yi alkawarin kira, ta ajiye abin da kuka tattauna. Masu talla sun so ta ƙwarai, har wasu da kuɗin aljihunsu suke saye, domin su take yi wa hidima.

Wurin da akalar ta juya shi ne 1993, lokacin da Tom Siebel, tsohon ma'aikacin kamfanin Oracle, ya kafa Siebel Systems tare da Patricia House. Siebel bai je wurin mai talla ba, wurin shugaban kamfani ya je. Abin da ya tallata masa shi ne rumbu guda wanda duk wakilan kamfani, ko dubu nawa ne, za su riƙa zuba bayanansu a ciki: wa aka gani, a wane mataki cinikin yake, nawa ake sa ran samu a ƙarshen wata uku. Da wannan maigida zai zauna a ofis ya ga kasuwar gaba ɗaya. Irin wannan manhaja ce 'yan harkar suke kira CRM. Tana da tsada sosai, ana girka ta a kan na'urorin kamfanin da kansa, kuma girkawar kan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara, ga kuɗin ƙwararrun da ake ɗaukowa su daidaita ta.

A nan ne aka haifi wani saɓani da har yau bai mutu ba, kuma a ganina duk mai kwatanta waɗannan manhajoji ya kamata ya fara daga kansa. Wanda ya biya kuɗin manhajar daban, wanda zai wahala da cika ta daban. Mai talla ya yini yana fama da mutane, da yamma kuma a ce ya zauna ya shigar da duk abin da ya sani cikin wani rumbu da babban amfaninsa shi ne a sa masa ido, kuma ranar da aka sallame shi a miƙa wa wani kwastomominsa cikin sauƙi. Ba ƙiwa ce kaɗai ke sa su jan ƙafa ba. Sun gane sarai abin da ake karɓa daga hannunsu. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka kashe maƙudan kuɗi suka tashi da rumbun da rabinsa fanko ne, rabinsa kuma bayanan da aka cika don a fita hakkin manaja.

A watan Maris na 1999, wani tsohon ma'aikacin Oracle ɗin, Marc Benioff, tare da Parker Harris da wasu abokai biyu, suka fara Salesforce a wani gidan haya a San Francisco. Aikin da take yi kusan irin na Siebel ne, hanyar sayarwar ce sabuwa. Babu faifai, babu girke-girke. Ka shiga ta intanet, ka biya kuɗin wata-wata gwargwadon yawan ma'aikatanka, in ba ta yi maka ba ka daina. Benioff gwani ne wajen jawo hankali: a shekarar 2000 ya ɗauko 'yan wasa suka yi zanga-zangar ƙarya a ƙofar taron Siebel, suna ɗaga kwalaye cewa zamanin girka manhaja ya wuce. Ƙananan kamfanonin da ba su taɓa mafarkin sayen Siebel ba suka samu shiga. A 2004 Salesforce ya fara sayar da hannun jari a kasuwar New York, a farkon 2006 kuma Oracle ya kammala sayen Siebel a kan kusan dala biliyan 5.8.

To, rumbu ya samu, saura abin zubawa. Daga nan wata sana'a ta taso ta farautar sunaye. Wani kamfani mai suna Jigsaw ya ɓullo da musaya: ka shigar da bayanan katin wani da ke hannunka, a ba ka maki, ka karɓi na wani da makin. Salesforce ya saye shi a 2010 a kan dala miliyan 142. Amma wanda ya canza harkar da gaske shi ne LinkedIn, da aka buɗe a 2003, domin a can mutane da hannunsu suke rubuta inda suke aiki da muƙaminsu, in sun canza aiki su gyara. Babu wani jerin sunaye da aka taɓa tarawa mai sabunta kansa haka. Darajarsa ta fito fili a 2016, da Microsoft ya biya dala biliyan 26.2 ya saye shi, bayan ya yi takara da Salesforce a kan cinikin. Wasu kamar ZoomInfo sana'arsu ke nan ɗungurungum: tara lambobi da adireshin imel na ma'aikata, su sayar wa masu neman kasuwa. HubSpot, da Brian Halligan da Dharmesh Shah suka kafa a 2006, ya bi ta wata hanya, cewa maimakon ka dami mutane da kira, ka rubuta abin da zai amfane su har su neme ka da kansu.

Akwai wanda ba a shawarta ba a duk wannan ciniki, wato mai sunan. Abin yana damuna, kuma ya dami hukumomi. Amurka ta yi dokar taƙaita saƙonnin talla na imel a 2003, Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta mai tsauri ta kare bayanan mutane a watan Mayun 2018, Najeriya ma ta samu tata dokar a 2023. Yau tambayar inda manhaja ta samo sunayen da take sayarwa tana cikin abin da mai hankali ke yi kafin ya biya.

Zancen ma'aikata a tsakaninsu kuwa ta wata hanya daban ya biyo. Ray Tomlinson ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu a 1971. A 1988 wani ɗalibi a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro IRC, inda ake buɗe zaure-zaure kowa ya shiga wanda ya shafe shi. Shekara guda bayan haka Lotus Notes ta fito, IBM kuma ya sayi kamfaninta a 1995 a kan dala biliyan 3.5. Duk da haka imel ne ya mamaye ofisoshi, tare da aibinsa: saƙo yana zaune a akwatin wanda aka aika wa, sabon ma'aikaci ya zo ba ya ganin komai na abin da aka yanke kafin zuwansa.

Slack ta samo asali ne daga asara. Stewart Butterfield da abokansa sun yi shekaru suna gina wani wasan intanet mai suna Glitch, bai karɓu ba, suka rufe shi a ƙarshen 2012. Da yake ma'aikatansu suna warwatse tsakanin Amurka da Kanada, sun riga sun haɗa wa kansu wata hanyar magana a kan tsarin IRC, mai ajiye duk abin da aka faɗa yadda za a iya nemo shi. Ita suka gyara, suka fara ba wasu kamfanoni gwaji a watan Agustan 2013, suka buɗe ta ga kowa a farkon 2014. Yaɗuwarta ta bambanta da ta Siebel ta kowace fuska. Babu wanda ya je ya shawo kan shugaba. Mutum biyar a wani sashe su fara amfani da ita kyauta, sashen da ke kusa ya gani ya shiga, kafin manya su ankara an riga an saba, sai biya. Ma'aikata ba sa jin ana tatsar su, hira suke yi, amma hirar tana taruwa a wurin da kamfani ke da mabuɗinsa.

Microsoft bai zuba ido ba. A watan Maris na 2017 ya fitar da Teams, ya cusa ta cikin kunshin Office 365 da kamfanoni suka riga suke biya, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Da annobar korona ta kora mutane gida a 2020, Teams da Zoom suka cika duniya. A watan Yulin shekarar Slack ya kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai cewa wannan haɗin cin zali ne a kasuwa, a Disamba kuma aka sanar Salesforce zai saye shi a kan dala biliyan 27.7. Salesforce ya taɓa gwada nasa dandalin hira mai suna Chatter a 2010, bai yi tasiri sosai ba. Abin da ya saya a wannan karo shi ne wurin da ma'aikata ke yini da son ransu, da fatan labarin kwastoman da ba sa son cikawa a fom zai fito ta bakin hira. Ƙarar da Slack ya kai ma ba ta tashi a banza ba: Microsoft ya raba Teams da Office a Turai a 2023, ya faɗaɗa rabuwar zuwa sauran duniya a 2024.

Shi ya sa idan aka jera manhajojin nan ana kwatantawa, ba a kan layi ɗaya suke ba. LinkedIn da ZoomInfo suna nemo maka wanda za ka tunkara. Salesforce da HubSpot suna riƙe tarihin abin da ya gudana tsakaninku. Slack da Teams suna ɗauke da maganar cikin gida, kuma zaɓi tsakaninsu sau da yawa ba kyau ke yanke shi ba, abin da kamfani ya riga yake biya ne.

A kasuwanninmu duk ayyukan nan uku manhaja ɗaya ke yin su. WhatsApp, wadda ta fito a 2009, Facebook ya saye ta a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, ita ce wurin da ɗan Kantin Kwari ke ɗora hoton sabuwar atamfa, ita ce inda kwastoman Maraɗi ko Agadas ke turo shaidar biya, ita ce kuma zauren da Alhaji ke ba yaransa umarni. Nau'inta na 'yan kasuwa da aka fitar a watan Janairun 2018 ya ƙara damar jera kaya da farashi da yi wa kowane kwastoma alama. Rauninta shi ne komai yana rataye da layin waya, kuma sau tari layin na yaron shago ne. Masu lura sukan sayi layi da sunan shago, su haɗa shi da wasu na'urori, tunda ana iya haɗa har huɗu bayan babbar wayar.

Abin da ke hana matsakaitan kamfanoninmu hawa manyan manhajojin kuwa kuɗi ne. Yawancinsu da dala ake biya, kowane ma'aikaci da nasa lissafin duk wata, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga 2023 nauyin ya ninka ba tare da an ƙara musu komai ba. Ta wannan ƙofa Zoho na ƙasar Indiya ya shigo, wanda ke da manhajar kwastoma da ta hira duka, yana kuma sayar da su a Najeriya da farashin naira.