Alobera: gane ruɓewar saiwa da maganinta

Alobera, dangin kabar giwa, tana tara ruwa a ganyenta, shi ya sa yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa kashe ta, musamman cikin Agusta. Alamar ruɓewar saiwa: ganyen ƙasa ya yi ɗorawa ya yi laushi, gindi ya yi baƙi yana wari.

A tumɓuke ta, a yanke ruɓaɓɓen wuri da wuƙa mai tsabta, a bar ta a inuwa kwana 3. A dasa cikin rairayi, a tukunya mai huji, a jira mako guda kafin ban ruwa. In ruɓa ta kai zuciya, a zubar da uwar, a dasa ƴaƴan gefenta.