"Ɗan Faransa" da "ɗan Ingilishi": daga ina wanga zunɗen ya samo asali?



Duk wanda ya taɓa cin rani a Sakkwato, Kano ko Legas ya san kalmomin da ake jifar ɗan Nijar da su. Wani ya ce maka Buzu, ko da kai Ba'adare ne ko Bagobiri gaba da baya. Wani ya ce ɗan Faransa. Wani kuma ya tambaye ka, ba da wasa ba: "Wai ku can kuna noma? Kuna da ruwa?" A ganinsa Nijar rairayi ce da raƙuma, mutanenta kuma gadi, shayi da ga-ruwa kaɗai sunka iya. Mu ma muna da namu. In an ce ɗan Najeriya, sai wani ya dafe aljihu, ya ce mutanen Ingilishi sai a hankali, kayansu jabu, maganarsu jabu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Waɗanga maganganu suna da ranar haihuwa, kuma ba su tsufa kamar yadda muke zato ba. Zumuncin da ke tsakaninmu ya girme su da ɗaruruwan shekaru. Bari mu bi tarihin daki-daki.

Kafin zuwan Nasara, wanda ya tashi daga Keita ya nufi Sakkwato bai san ya ƙetare wata iyaka ta ƙasa da ƙasa ba. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya kafa sarautar Adar, wadda zuriyarsa ke riƙe da ita a Illela. Lisawan da ke sarautar Keita tare da shi sunka zo. Farfesa Djibo Hamani ya rubuta littafi guda a kan wanga tarihi a 1975. A kudu kuma ƙasar Gobir ce, shi ya sa har yau sarautar Madawa sunanta Gobir Tudu, kuma akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, akwai a Sabon Birni da Isa cikin jihar Sakkwato. Haka Adarawa: akwai Sarkin Adar a Dundaye, bakin birnin Sakkwato, kuma cikin birnin akwai unguwannin da ke ɗauke da sunan Sarkin Adar.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Najeriya ke alfahari da shi, an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau. Babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, kabarinsa yana Arewa, nan kusa da Madawa. Ke nan ilimin da ya gina daular Sakkwato wani sashensa daga ƙasag ga ya fito. A lokacin ba wanda zai ce wa Malam Jibrilu baƙo a Alƙalawa, ko ya ce wa Shehu baƙo a Agadas, inda ya je karatu.

To yaya anka yi munka zama ƙasa biyu? Ranar 5 ga Agusta 1890, Ingila da Faransa sunka ja layi bisa taswira daga Say, bakin kogin Kwara, zuwa Baruwa, bakin tafkin Cadi. Kudu na Ingila, arewa na Faransa. Waɗanda sunka ja layin ba su taɓa taka ƙasar ba. Firaministan Ingila na lokacin, Lod Salisbiri, har ya yi ba'a a majalisarsu, ya nuna cewa abin da anka bar wa Faransa ƙasa ce marar nauyi, wato yashin Sahara. Ku lura da wagga magana. Wanda ya ce ƙasarmu rairayi ce zalla a wancan lokaci Bature ne da ke son burge majalisarsa a Landan, bai taɓa ganin fadamar Majiya ko ta Tarka ba.

Layin bai kashe gardama ba, sai anka sake zama a Paris ranar 14 ga Yuni 1898. A nan anka kafa tsinin kamfas bisa birnin Sakkwato, anka zagaya da'ira mai nisan mil 100, wajen kilomita 160. Duk abin da ya faɗa cikin da'irar na Ingila ne. Ƙonni ta faɗa ciki. Madawa ma ta faɗa ciki. Keita da Tawa sunka tsaya waje. Wato a takarda, daga 1898 zuwa 1904, mutumin Madawa ɗan Ingilishi ne, ɗan uwansa na Keita kuma ɗan Faransa, su kuwa ba wanda ya shaida musu.

Faransawa ba su ji daɗin rabon ba. Suna son hanya daga kogin Kwara zuwa Damagaram, hanyar da ta rage musu ta arewa kuma rijiyoyinta ba su isar ayari. Hanya mai ruwa ta bi ta Ƙonni da Madawa da Maraɗi. Sai sunka nemi a gyara. Ranar 8 ga Afrilu 1904 ƙasashen biyu sunka yi babbar yarjejeniya don kashe rigingimunsu na duniya. Faransa ta saki haƙƙin da take da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, wanda yau yake cikin Kanada, inda masuntanta ke shanya kifi. Cikin abin da anka biya ta da shi har da matsar da iyakar nan zuwa kudu. An ƙara gyara a 1906, sa'an nan Kaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila sunka bi daji daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turaku 148. Da haka Madawa ta koma hannun Faransa. Jama'a, ciniki anka yi, kifi a wancan gefe, mu a wanga gefe. Da ba a yi shi ba, da yau ɗan Madawa naira ce a aljihunsa, yana ce wa ɗan Buza ɗan Faransa.

Bayan an kafa turaku, sai mulki biyu ya fara sassaƙa mutane iri biyu. Ingilishi sun bar wa sarakuna kotu da baitulmali, suna mulki ta hannunsu. A gefenmu kwamanda ne wuƙa da nama, gumi-guminsa na bin ƙauyuka. Dokarsu ta ba shi damar kulle talaka har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Ga lanho, ga aikin dole na hanya da ginin bariki, wanda ba a soke ba sai 1946. Mutum in ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya kwashi iyali da dare ya yi kudu. Ya isa garin dangi ba gona, ba jari, sai ƙarfin jikinsa. Me zai yi in ba ɗiban ruwa, dako ko gadi ba? Mutanen can sunka gan shi a haka, sunka ɗauka haka Allah ya yi shi. Ba su ga gonar da ya bari ba, ba su ga bulalar da ta koro shi ba. Wani ɗan binciken Amurka, William Miles, ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, Yardaji a Najeriya da Yekuwa a Nijar, ya fitar da littafi a 1994 a kan yadda wanga mulki biyu ya bambanta mutanen da harshensu da addininsu ɗaya ne.

Fari ya zo ya ƙara gishiri. A 1973 ƙasarmu ta ƙone, dabbobi sunka mutu, daidai lokacin da kuɗin mai ke kwarara Najeriya. Makiyayan da sunka rasa garke sunka cika biranen kudu, da rawani da takobi, suna gadin gidaje. Daga nan hoton ya zauna a kan mutane, har duk wanda ya fito Nijar ya koma Buzu a bakinsu. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu. A 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka cikin tsakiyar yunwa, ba a buɗe ba sai 1986, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran wagga yunwa El Buhari. Nan ne namu ƙullin ya ƙullu: ɗan uwa ya rufe mana ƙofa ranar da munka fi bukatarsa. Amma gwamnatin soja ce ta rufe. Talakan Gada ko Sabon Birni bai rufe ba, shi ma kasuwarsa ta mutu.

Yanzu mu auna zunɗen da abin da ke ƙasa. Gaskiya ne wajen kashi biyu cikin uku na Nijar hamada ce. Sai dai akasarin 'yan Nijar ba can suke zaune ba, suna kudu inda ake noma. Albasar Galmi da ta fadamar Tarka ita ce ke cika manyan motoci zuwa Abijan, Akara, Kumasi, Lome da Kwatano. Mai cewa ba mu da ruwa, wataƙila albasar Madawa ce cikin miyarsa. A kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 manoma da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE sunka dasa layukan dogon yaro, wanda muke kira bedi, don tare iska, har sunka kai ɗaruruwan kilomita. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun gani sun koya.

Mai cewa mutanenmu aikin ƙarfi maras dabara kaɗai sunka sani, ya je Keita. A 1984, shekarar El Buhari ɗin nan, anka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya, ƙarƙashin hukumar FAO, Renato Carucci yana jagora. Maza da yawa suna wajen biɗa, mata ne sunka fi yawa a fagen aiki, suna ɗaukar duwatsu a ka, suna haƙa ramuka bisa tsaunuka, ana biyansu da abinci. Cikin shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da ta mutu. Ba a wurare da yawa a Afirka anka yi irin wanga aiki ba. Wanda ya ga mijin yana tura kurar ruwa a Kano, bai ga matar tana mai da fako gona a Tamaske ba.

Mu juyo kan namu zunɗen. Cewa duk ɗan Najeriya ɗan damfara ne ko ɗan bindiga, ita ma ba ta tsayuwa in anka auna ta. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 200. Ko kashi ɗaya cikin dubu sunka lalace, sun isa ɓata suna, amma saura fa? Ɗiyanmu nawa sunka yi karatun allo da na jami'a a Sakkwato, Zariya da Kano? Littattafan addini nawa ke gidajenmu waɗanda can anka buga su? Da 'yan bindiga sunka addabi gabashin Sakkwato, dubban mutane sun gudo Bangi, cikin gundumar Madawa, mata da yara, ba su da komi sai abin da ke jikinsu. Waɗanda muke zargi da ta'asar su ne farkon waɗanda ta ci. Jikokin waɗanda sunka sauki kakanninmu lokacin aikin dole ne, yau mu munka sauke su.

Duniya kuma juyi-juyi ce. Wajen 1980 naira guda tana canza sefa fiye da ɗari, samarinmu na rububin zuwa kudu. Yau naira guda ba ta kai sefa guda ba, magina da masu gyaran waya da 'yan tireda na Najeriya suna shigowa neman sefa. Wanda ya gina raininsa bisa ƙarfin kuɗi, ranar da kuɗin ya faɗi da me zai tsaya?

Abin da ya sa maganar ta zama dole yanzu, mun ga rufe iyaka na 2019 zuwa 2020, mun ga na Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo hatsi ya yi tsada, albasa ta ruɓe a hanya, marar lafiya ya kasa kaiwa asibiti, biki da ta'aziyya sunka gagara. Kowane karo kuma Facebook da TikTok sun cika da zagi, yaran da ba su san Maratta ba suna ce wa juna mayunwata da ɓarayi. Rigimar gwamnatoci takan wuce, a yi musafaha a ɗau hoto. Zagin da yaro ya haddace yana ɗan shekara goma sha biyar shi ke daɗewa, kuma shi ne gobe zai zama ɗan duwan, ɗan sanda ko mai gidan haya.

Kakanninmu sun san mutane ba su rasa tsokanar juna, sai sunka yi mata linzami. Wasan taubasai ke nan: Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are. A 2014 UNESCO ta sa wanga wasa na Nijar cikin gadon al'adun duniya. Ƙa'idarsa sananna ce. Kowa na da bakin ramawa, ba a fushi, kuma ranar wahala taubashinka ne farkon mai tsaya maka. Zunɗen da turakun Tilho sunka haifar ba shi da ko ɗaya cikin ukun.

Saboda haka in wani ya ce maka ɗan Faransa, kar ka zage shi. Tambaye shi inda anka haifi Shehu. In kuma ɗanka ya ce mutanen Ingilishi ba su da amana, gaya masa garinsu Madawa ya shekara shida cikin Ingilishi, kifin wani tsibiri ne ya fid da shi. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna ya tambayi dangin da ke Sabon Birni, Gada, Illela ko Gwadabawa, ya rubuta sunayensu tun masu sani suna raye. Zumunta a ƙafa take.

Allah ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya da damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Amin.