Kaset ko dijital: Wanne ya fi adana muryar makaɗan Zamfara?

A kasuwannin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, masu tura waƙa a waya sun gaje rumfunan masu sayar da kaset. Sai dai dattawa da dama na cewa amon kotson Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da kalangun Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri, sun fi daɗi a kaset. Shin haka abin yake?

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963. Yana naɗar sauti ta hanyar maganaɗisu a kan siririn zare mai tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan kiɗa ya yi ƙarfi, zaren yakan tausasa kaifinsa, wannan ne taushin da kunne ya saba da shi. Amma yana da ƙarar "shiii" da ba ta rabuwa da shi, zafi da ƙura na cin sa, kuma duk kwafin da aka yi daga wani kaset yakan fi na farko dushewa.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, ya mayar da shi lambobi. Tazarar da yake riƙewa tsakanin raɗa da tsawa ta kai desibel 96, ta kaset kuwa ba ta cika wuce 60 ba. Ko sau dubu aka kwafe lambobin, ba sa sauyawa.

To ina matsalar take? Yawancin abin da ke yawo a wayoyi MP3 ne, tsarin da ke zubar da wani ɓangare na sauti domin rage nauyi. Galibi ma daga gajiyayyen kaset aka ɗauko shi, sannan aka sake matse shi. Dijital ba ya dawo da abin da zare ya riga ya rasa.

Saboda haka, mai tsohon kaset a akwati kada ya yar. Ya nemi mafi kusa da na asali, a naɗe shi a kwamfuta a tsarin WAV wanda ba ya rage komai, a ajiye kwafi a wurare biyu, tun kafin zaren ya lalace.